Dala Biyu da Rabi, Shiga da Fita

Lahadi, 6 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Mudir, wato manajanmu, ya aiko da takardar sabunta kwantiragi, shekara biyu. Ya ce in sa hannu kafin Alhamis 31 ga wata, in kuma ba zan sa ba in faɗa su yankar mini tikitin gida, khalas, shi ke nan. Na ninke ta na cusa a bayan wannan littafin. Tsohon littafin baƙi ne na get, gabansa ya cika da sunayen masu kawo abinci da lambobin motoci, bayansa fari fat. Shara za su jefa shi na ɗauke. Shekara shida ina gadi a wannan rukunin gidaje na Ain Khaled a Doha ina rubuta shigar mutane da fitarsu, bari in rubuta tawa.

Ba zan sa hannu ba. Na riga na gaya wa matata Haulat bana a gida zan ƙarasa shekara. 'Yarmu Rukayatu shekararta biyar, sau ɗaya na taɓa ɗaukarta, lokacin tana da biyu, kuma kuka ta yi ta yi sai da na miƙa wa uwarta. Yanzu a waya ta san ni. Duk kiran da na yi sai ta tambayi 'yan kunnen zinaren da na yi mata alkawari, ta juyo kunne ta nuna mini hujin.

Abin da ya rage kuɗin adaidaita ne. Da ita zan ciyar da su a Funtua, in babu ita kuwa na koma zaman majalisa kawai. Bayan ɗaki biyun da na gina, abin da na tara ya kai kashi uku cikin huɗu na kuɗinta. Cikon nake nema tun watan Agusta.

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Ɗalhatu, tsohon direban da gadonsa ke ƙarƙashin nawa a ɗakinmu na Fereej Abdel Aziz, ya sake tsare ni jiya wai in yi masa bayanin abin da nake dannawa a waya kullum. Na ce opshin ne. Kamar kafin alƙalami: ka ba da kuɗi kaɗan a ba ka takarda, a riƙe maka hannun jarin wani kamfani a kan farashi kaza zuwa ranar Juma'a. In farashin ya hau, takardarka ta yi tsada, ka sayar ka ci riba. In Juma'a ta wuce bai hau ba, takarda ta mutu da kuɗinka. Ya saurara har ƙarshe yana sakace haƙori, sannan ya ce caca ce ta sa kwat. Na ce shi dai ya tsaya kan sitiyarinsa.

Yaya Ghali ne ya koya mini, yayan Haulat uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararsa goma sha biyu a Doha, shi ya nemo mini bizar nan, shi ya tarbe ni a filin jirgi da bargo da katin waya. A Agusta da na yi masa kukan ciko, ya turo mini link na wani kamfanin dillanci mai koren tambari, ya ce da shi yake amfani. Ban duba wani ba. Ina zan duba? Yayan matarka ya nuna maka ƙofa, ka tsaya leƙen ta maƙwabta?

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe shida da kwata, a bas

Yau kam kasuwa ta yi! Ƙarfe huɗu da rabi kasuwar hannun jarin take buɗewa a lokacinmu, ina cikin ɗakin gadi. Na sayi takarda talatin a dala sha biyar-sha biyar, kafin kiran magariba na sayar a sha tara. Na yi salla, na dawo na sake ɗaukar talatin a sha huɗu, na saki a sha bakwai. Manhaja ta nuna mini ribar yau da kore shar: dala ɗari biyu da goma.

Haka Inna take kasuwancinta tun muna yara. Ta sayo galan ɗin manja ta ƙulla a leda ƙanana, riba kaɗan, juyi da yawa, kafin yamma faranti ya ƙare. Shi ya sa nake zaɓar masu araha in ɗebi da yawa. Yaya ma haka yake faɗa a guruf ɗinmu na waya, mu ashirin da uku ne, direbobi da masu gadi: a shiga a fita, kada a bar kuɗi su kwana.

In na isa zan saya wa 'yan ɗaki shayin karak kowa kofi ɗaya.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Akwai abin da bai zauna mini ba. Na shiga ɗaya shafin, wanda ke nuna jimillar kuɗin da ke ciki. Ba kasafai nake shiga ba, yana can ƙarshe. Ya kamata a ce sun fi na Agusta nesa ba kusa ba, ga shi sun kasa. Ba kaɗan ba.

Na tura wa Yaya saƙo cikin ladabi. Ya ce kuɗi ne da ke kan hanya, sai sun kwana biyu suke zama. Haka ya ce mini a Satumba.

Alhamis, ƙarfe huɗu da minti ashirin

Saura minti goma a buɗe. Har yanzu ban ci komai ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Kwana biyun sun wuce. Ba abin da ya zauna.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Lif na biyu ya tsaya, aka turo Elnathan, mutumin Kafanchan da ke gyara mana shi. Mukan taɓa hira in ya zo, don ko Hausa kawai ka ji a bakin mutum a garin nan ka ji sanyi. Ya gama ya zauna a ɗakina yana shan iskar esi, ya ga abin da ke kan wayata. Ashe shi ma yana yi, shekara uku, amma a wani kamfani daban, kuma a wata bai fi ya shiga sau biyu ba.

Da alfahari na nuna masa koren Talata. Ya tambaye ni nawa suke cira a kan kowace takarda. Na ce ban sani ba, ai la'ada ce, in ciniki ya faɗa a ba dillali nasa sau ɗaya a tashi. Ya dube ni wani iri. Ya karɓi wayar ya yi ta shiga wurare da ban taɓa sanin akwai su ba, har ya fito da wata doguwar takarda mai ƙananan rubutu. Ya aza yatsansa mai baƙin mai a kan layi ɗaya.

Dala biyu da rabi kan kowace takarda ɗaya in ka saya. Dala biyu da rabi kuma in ka sayar. Ka ci riba ko ka faɗi, su ba ruwansu.

Ya ɗauki birona ya rubuta a gefen jarida. Na saya a sha biyar na sayar a sha tara, na ci dala huɗu, na biya biyar. Koren da nake gani ba a cire la'ada a ciki ba. Ranar Talatar da na yi rabon karak, la'ada ta ci dala ɗari uku, wato faɗuwar dala casa'in na yi. Ya ce kamfanin da yake amfani da shi santi sittin da biyar suke karɓa, ko dala ɗaya bai kai ba, kuma ko a can ba ya taɓa masu arahar nan, don in takarda ta dala sha biyar ce la'ada kaɗai ta isa ta cinye ta. Ya nuna mini har wajen canjin riyal zuwa dala sun gutsura, in zan cire kuɗina kuma akwai dala hamsin.

Ya ce, “Malam Sagiru, hannunka ba laifi, cikin goma kana dacewa a bakwai. Wa ya kai ka wurin mutanen nan?”

Na ce wani ɗan'uwa ne.

Litinin, ƙarfe huɗu da rabi

An buɗe. Ban taɓa ba. Ina zaune ina ɗaga wa motoci ƙarfe ina murmushi kamar yadda aka koya mana.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan asuba

Ni ne sakarai. Wata biyu da rabi! Inna ba ta taɓa zuwa makaranta ba, amma ko ledar ƙulli ba ta saya sai ta tambayi kuɗinta. Ni mai sakandare, mai Turancin yes sa, na zuba gumin shekara shida a wurin da ban tambayi komai ba. Wallahi in na tuna karak ɗin nan ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na so in tara jimillar abin da suka cira tun Agusta. Na kai tsakiyar Satumba na ajiye biro. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Laraba, 16 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Elnathan ya dawo da wani ƙarfe na lif. Ya ce jiya ya yi ta tunanina, in nuna masa link ɗin da na shiga da shi. Na nemo saƙon Agusta. A ƙarshen link ɗin akwai wasu baƙaƙe da lambobi. Ya ce wannan lambar mai kawo mutane ce, irin waɗannan kamfanoni sukan ba wanda ya kawo ka wani abu daga la'adarka muddin kana ciki. Ya buɗe shafinsu ya karanta mini: dala ɗaya a cikin kowace dala biyu da rabi.

Baƙaƙen guda biyu ne a gaban lambar. Na san na waye.

Na ce masa wataƙila mutumin bai sani ba, wataƙila haka link ɗin yake zuwa. Elnathan bai yi musu ba. Ya ce kawai sai mutum ya cika fom ake ba shi wannan lambar, ya tattara kayansa ya hau sama.

Mu ashirin da uku. A shiga a fita, kada a bar kuɗi su kwana.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Mudir ya tsaya a get ya tambayi takarda. Na ce da saura lokaci. Ban sa hannu ba.

Gobe zan je Al Wukair wurin Yaya in tambaye shi. Na shirya maganar tun daga sallama har ƙarshe, ba zagi, ba ɗaga murya. Tambaya ɗaya ce.

Juma'a, 18 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma, a tashar bas

Na je.

Bayan masallaci ya ja ni ɗakinsa, ɗaki ɗaya shi kaɗai, har da kafet da firij. Ya tuƙa tuwon semo da miyar kuka da kansa, ya ce ya san watanni ban ci ba. Ya tsame nama ya tura gabana. Yana ta ba ni labarin Haulat tana ƙarama, yadda ya goya ta zuwa asibiti ranar da ta faɗa murhu, yadda dangi suka so wani mai shago shi ya tsaya kai da fata ya ce Sagiru za a ba. Gaskiya ne, ya tsaya. Ko lefe da ya gaza shi ya rufa mini asiri.

Maganar da na shirya ta ƙi fita. A gidanmu ko sunan surukinka ba ka kama gatsau, ba ka haɗa ido da shi, balle ka zauna a kan kafet ɗinsa da miyarsa a hannunka ka ce masa nawa kake ci a kaina. Da ƙyar na ce, ina kallon kwano, “Yaya, la'adar kamfanin nan kamar ta yi nauyi.”

Ya ci gaba da cin abincinsa. Ya ce ko'ina haka take, masu cewa akwai mai araha ba su san abin da ake cire musu ta baya ba. Ya sha ruwa. Sannan ya yi dariya ya ce, “Ko zargina kake yi ne, angon Haulat?”

Na ce, “Haba Yaya, wane ni.”

Wane ni. Da bakina na faɗa, har da sunkuyar da kai. Ya ce ranar 28 zai tafi gida hutu, in akwai saƙo in haɗa. Ya rako ni har bakin titi ya cusa mini riyal ashirin a aljihu wai kuɗin mota, na yi godiya.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Riyal ashirin ɗin tana aljihun rigar Juma'a. Ban iya taɓa ta ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Elnathan ya taimaka mini na cika fom a kamfanin da yake amfani da shi, na ɗauki hoton katin zama na tura. Sun ce kwana uku zuwa biyar. Shawararsa in kwashe abin da ya rage yau-yau, in biya dala hamsin ɗin in huta, in koma can in riƙa shiga jefi-jefi, ko ma in haƙura da abin gaba ɗaya. Na tambaye shi ko mai lambar yana ganin wanda ya fita. Ya ce sarai, suna da shafi da sunan kowa.

To in na fita ya gani, na ce masa ɓarawo ke nan ba tare da na buɗe baki ba. Zai kira Haulat. Haulat za ta kira ni tana kuka. Tsohuwarsu za ta ji, tawa za ta ji, maganar ta zama ta gida biyu. Elnathan ya ce shi bai gane ba, kuɗina ne ko na surukina? Na ce ba zai gane ba. Ya ce su ma suna da surukai a Kafanchan. Na san ya fi ni gaskiya, kuma haushinsa nake ji saboda hakan.

Ban cire ba.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi, a bas

Haulat ta kira ina hutun rana. Ta ce ta sa an yi wa ɗakin fenti, shuɗi, ta ɗinka labule. Mai sayar da adaidaita ya ce mata zai riƙe mana ɗaya zuwa tsakiyar wata mai zuwa. Ta ce, “Abban Rukayatu, muryarka ba daidai ba.” Na ce esi ne ya kama mini maƙogwaro.

Rukayatu ta karɓe wayar ta nuna mini kunne. Ta ce kwana nawa ya rage. Na ce kaɗan.

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe sha biyu na rana

Na yi tunani. Tunda shiga da fita ke cinye ni, sai in shiga sau ɗaya in zauna. In ɗauki masu yawa da za su ƙare Juma'ar nan, in riƙe, in ya hau da kyau in sayar gaba ɗaya, in mayar da abin da ya tafi har da ciko. Daga nan in fita, in ya tambaya in ce na cika kuɗin adaidaita ne, magana ta ƙare ba wanda aka ci wa fuska.

Ban gaya wa Elnathan ba. Na san abin da zai ce.

Laraba, ƙarfe biyar saura kwata

Na shiga. Kafin farashi ya motsa ko ɗis sun riga sun cire nasu. Yaya ma ya samu nasa.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe biyar da rabi

Ya ɗan hau. Da a ce santi sittin da biyar nake biya, da yanzu na sayar na tashi da wani abu a hannu. A nan kuwa in na sayar, abin da na ci bai kai abin da za su cira ba. Sai in jira gobe.

Na yi magariba ban san raka'a nawa na yi ba. Allah ya yafe mini.

Juma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Ja.

Juma'a, ƙarfe bakwai

Kowace takarda ta koma dala biyu. In zan sayar da ita sai na biya biyu da rabi. Ko binne gawar ma sai ka biya su. Na kashe wayar.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Na wanke yunifom duka biyu kafin in fito, na wanke zanin gado, na goge takalmi. Ɗalhatu ya dube ni ya dube ni, bai ce caca ba. Ya miƙo mini rabin burodinsa. Da ya yi mini gori ma da ya fi mini sauƙi.

Wata mata a gida na sha huɗu ta yi mini faɗa wai na bar mai kawo kaya ya shiga ba a kira ta ba. Na ce sori madam sau uku. Na iya wannan, shekara shida ina yi.

Lahadi, 27 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na cire abin da ya rage. Suka ɗauki dala hamsin ɗinsu, suka sake gutsura wajen mayarwa riyal. Abin da zai iso ba zai sayi adaidaita ba, ko rabinta. Da na cire tun ranar da Elnathan ya ce, da sai in yi maganar tsohuwar adaidaita mai ɗan dama-dama. Kunya ta ci wannan.

Ɗaya kamfanin sun turo saƙo wai an buɗe mini asusu, barka da zuwa. Su riƙe barkarsu.

Lahadi, ƙarfe biyu da minti goma

Awa uku ba su cika ba Yaya ya kira. Ban gaya wa kowa na cire ba, ko Elnathan.

Ya ce, “Na ga ka fita.”

Bai ma lura da abin da ya faɗa ba. Ko ya lura, ya san ba abin da zan ce. Na tsaya da wayar a kunne ina kallon ƙarfen get, maganar duk tana bakina, dala ɗaya, mutum ashirin da uku, fom ɗin da ya cika. Na ce na ɗan huta ne, Yaya. Ya ce ba komai, kasuwa haka take, in na shirya in dawo ƙofa a buɗe take. Ya tambayi saƙon gida, gobe jirginsa. Na ce a gaishe su.

Na rubuta wata kalma a nan na soke. Kawun 'yata ne.

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe huɗu da rabi

An buɗe kasuwa can. Guruf yana ta ƙara, wani yaron Gusau ya turo hoton korensa, ana ta masa barka. Na rubuta musu dogon bayani, dala huɗu da dala biyar, inda za su shiga su ga takardar la'ada. Na karanta sau biyu. Na tuna wanda ya buɗe guruf ɗin yana cikin jirgi zuwa gidan da matata take. Na goge. Sai na tura wa yaron shi kaɗai, na ce ya duba shafi na ƙarshe, kada ya ce ni na faɗa. Iyakar jarumtata ke nan.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Ban sa hannu ba. Ban kuma ce a yanki tikiti ba.

Laraba, 30 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Haulat ta turo bidiyo. Rukayatu a tsaye a gaban bango shuɗi, an yi mata kitso, tana juya kai hagu da dama don su yi walƙiya. 'Yan kunnen zinare, ƙanana, masu kamar fure. Tana cewa Abba ka gani, Kawu ya kawo mini.

Sai saƙon murya. Haulat tana dariya tana kuka, wai ita ta taɓa gaya wa Yaya yarinyar ta dame ni da maganar 'yan kunne, ashe ya riƙe a ransa. Wai ya bar rasit a cikin akwatin bai sani ba, riyal ɗari huɗu da talatin, ka ji fa. Wai ya ce mata kasuwa ta ɗan taɓa ni, kada ta matsa mini in na ce zan ƙara shekara biyu, namiji ba ya son a san ya faɗi. Ta ce ba komai, labule ba ya ruɓewa. Ta ce don Allah in kira shi in yi masa godiya da kyau, samun ɗan'uwa irinsa sai an tona.

Ko labarin faɗuwata ma shi ya kai, ya kai shi a gyare.

Na kalli bidiyon sau goma sha ɗaya. Sun yi mata kyau ƙwarai.

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Na sa hannu. Birona ya ƙi yi, mudir ya ara mini nasa, ya ce yalla, wato in yi sauri, ya karɓa ya tafi.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Na yi masa saƙon godiya. Na farko muryata ta karye, na goge. Na biyu ya yi sanyi da yawa, Haulat za ta ji ta gane. Na uku ya yi: Allah ya saka da alheri, Yaya, Allah ya bar zumunci, ya ƙara buɗi. Ya turo hoton hannu biyu a haɗe.

Na ce ba zan ƙara yin lissafi a littafin nan ba, amma wannan ɗaya kawai. Na koma shafin Talata, takwas ga wata. Talatin shiga, talatin fita, sau biyu, ɗari da ashirin ke nan. Dala ɗaya-ɗaya tasa. Dala ɗari da ashirin a kuɗin nan riyal ɗari huɗu da talatin ne da 'yan kai.

Ashe na cika alkawari. Ni na saya wa Rukayatu 'yan kunnenta, ranar Talata, tsakanin la'asar da bas ɗin ƙarfe shida, a wannan ɗakin. Ba za ta taɓa sani ba, sai dai in na gaya mata, kuma lokacin da zan gan ta tana da shekara bakwai.

Ga mota a get tana ta hon.